Akuya Ba Ta Sayi Taya a Wurina Ba

Talata, 3 ga Yuni

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Babura biyu sun zube a kwanar da ke gaban shagona, ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a kan tayoyina ina kallo. Babu wanda ya ji ciwo, sai wando da ya yage. Na ce musu su rage gudu, suka ce to Mama, suka hau suka ƙara wuta. 'Yan babur ɗin haya ke nan, magana ta shiga ta nan ta fita ta can.

Abin haushin, bana ne fa kwanar nan ta zama hanya. Bara war haka rami ne a cikin rami, mota in ta shiga sai an turo. Da rani mutanen layi suka gaji da jiran masu gyaran hanya, suka haɗa siminti da tsakuwa, Yaya ya zuba kankare a wurin kyauta. Yayana magini ne, kuma ba don ciki ɗaya muka fito ba, hannunsa daban yake. Ya shafe wurin nan sumul har mutum yana ganin inuwarsa a ciki. An gyara musu hanya, su kuma sun samu filin tsere.

Alhamis, 5 ga Yuni

Tsawa ya faɗi a kwanar. Wannan da salansar babur ɗinsa ke tashin jarirai daga barci, shi ya sa suka sa masa sunan. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ana ɗaga shi yana ihu, amma duk ihun bai hana shi nuna shagona da lafiyayyen hannun ba: “Tayar Mama ce! Sabuwa fil, makon jiya na saka ta!”

Mayafina na cire aka ɗaure masa hannun. Ko kallona bai yi ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Ciyaman ɗin 'yan babur ya zo da tumbinsa da mutum biyu a bayansa. Ko benci bai zauna ba. Wai sun bincika, duk waɗanda suka faɗi a wurina suka sayi taya. Na ce Ciyaman, wa ke cikinku da ba a wurina ya sayi taya ba? Ya ce wannan ba ita ce maganar ba. Wai kayan da na sauke bana robar bokiti ce, ba ta kama ƙasa in ta ga ruwa. Ƙungiya ta hana kowa saye a hannuna, kuma ƙarshen wata za su zauna su yanke ko hanin zai zama na dindindin.

In suka yanke haka shagon ya mutu, babu wani kwana-kwana. Su ne cinikina. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a maƙogwaro ba. Marigayi maigidana ya riƙe shagon nan har ya koma ga Allah, ba a taɓa cewa ya sayar wa wani da algus ba. Sai a hannuna za a ce an fara? Na yi kuka bayan sun tafi, na ɓacin rai, a bayan tayoyin mota inda ba mai ganina.

Yaya ya biyo da yamma kamar yadda ya saba. “Auta, ki yi haƙuri, ki canza dila kawai.” Har shi ya yarda tayar ce.

Lahadi, 8 ga Yuni

Mutum ɗaya ne ya shigo shago yau, shi ma hanyar asibiti yake tambaya.

Laraba, 11 ga Yuni

Na sa mai faci ya yanka mini sabuwar taya guda, irin wadda Tsawa ya saka. Tsohon nan rumfarsa na jikin shagona tun zamanin marigayi, taya ba ta yi masa ƙarya. Ya lanƙwasa, ya sansana, ya soka farce, har da ɗan cizo. Ya ce robar lafiya lau, zanen da zurfinsa, ruwa zai samu hanyar fita ta cikin tsagin. Na ce to je ka faɗa wa Ciyaman. Ya ce ya faɗa, an ce ai dole ya ce haka tunda inuwata yake sha.

Na yi asarar taya a banza.

Juma'a, 13 ga Yuni

Yau na yi dariyar da rabona da ita tun kafin rigimar nan. Ana yayyafi, wata akuya ta taho a guje daga kan kwalta, kare na bin ta. Tana taka kwanar ƙafafunta huɗu suka watse, kowace ta kama gabanta, ta tafi a kan ciki suuu har bakin kwalbati. Karen da ya zo shi ma ya bi ta a zaune. Na riƙe ciki ina ce wa mai faci, shaida nake so, akuyar nan a wurina ta sayi taya?

Ina cikin share hawayen dariya na ga abin. A kan kwalta tana gudu lafiya. Inda baƙi ya ƙare fari ya fara, nan ta zame. A kan aikin Yaya.

Nan take na daina dariya.

Asabar, 14 ga Yuni

Ba na son in sani. Duk da haka da aka yi ruwa na fita da silifas ɗina kamar mai zuwa sayen wani abu a tsallake. A kan kwalta ƙafa tana cizon ƙasa, kana jin tsakuwar a ƙarƙashinka. A kan simintin kuwa sai ka ce banɗakin da aka zubar da ruwan sabulu. Da ƙyar na tsallaka, ina tafiya kamar agwagwa.

Na zauna na tuna duk faɗuwar da na gani. Ba wanda ya faɗi kafin simintin, ba wanda ya faɗi bayansa. Da rana a bushe kuma ko kaza ba ta zamewa. Ashe a gaban idona abin yake, son Yaya ya rufe mini ido.

Talata, 17 ga Yuni

Faɗa da baki ba zai yi ba, sun riga sun toshe kunne. Sai abin da ido zai gani. Ni da mai faci mun ɓata rabin yini muna gwaje-gwaje har muka dace.

Ga yadda abin yake, in rubuta kada in manta. An yanko guntun taya kamar tafin hannu biyu, an shimfiɗa shi zanen yana kallon ƙasa, an ɗora bulo a kai an ɗaure. Sai aka yanko doguwar roba daga tsohon tif na cikin taya aka ƙulla a gaba. A jiƙa ƙasa, a ja robar a hankali. Inda ƙasa ta riƙe tayar, robar za ta yi ta miƙewa kafin bulon ya motsa. Inda babu riƙo, da an taɓa zai biyo.

A kan kwalta robar ta miƙe har na ja da baya taku guda kafin bulon ya gusa. A kan simintin ko taki ɗaya ba ta miƙe ba, bulon ya taho kamar ɗan raƙumi da akala. Mun maimaita har ruwan jarka ya ƙare.

Mai faci ya tashi yana rawa da tsufansa. Ni ma na yi guɗa, ba zan ɓoye ba. Na wanku! Sai da na dawo shago na zauna na tuna wanda zan shafa wa dattin.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na je gidan Yaya. Na ce gara ya ji daga bakina a cikin ɗaki. Na yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa a kan gaisuwa, har ya ce Auta faɗi abin da ya kawo ki.

Da na faɗa sai ya ajiye rediyonsa. Ya ce tun ba ni da haƙora yake riƙe da cokalin gini, ba a taɓa kiran sa a ce ya dawo ya gyara ba. Ya ce shafen da ya yi wa kwanar nan ko falon mai kuɗi bai samu irinsa ba, sai da ya barbaɗa busasshen siminti ya bi da cokali har ya yi ƙyalli. “Ƙuda in ya sauka a kai sai ya zame.”

Na ce, “To ai shi ke nan, Yaya. Maganar ke nan.”

Bai yi dariya ba. Ya ce in ina neman inda zan sauke laifin tayata, in nemi wani wurin, ba kan wanda ya goya ni ba. Wannan ta shige ni. Gaskiya ce kuma, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya aurar da ni. Matarsa ta rako ni har ƙofa tana cewa in bar maganar don Allah, mutumin nan ba shi da abin alfahari da ya wuce aikin hannunsa.

Ni kuma sunan mijina fa?

Lahadi, 22 ga Yuni

Na ce zan yi shiru. In canza dila kamar yadda ya ce, in ba Ciyaman haƙuri a kan laifin da ban yi ba, damina ta wuce a manta.

Litinin, 23 ga Yuni

Ba zan yi shiru ba. Yau mace aka ɗauko da goyo. Mai babur ɗin ba gudu yake ba, na gani da idona, birki kawai ya taɓa. Allah ya tsare jaririn, uwar ce ta goge gwiwa da gwiwar hannu har farin nama ya fito. A bencina na wanke mata ciwon. Tayar babur ɗin kuma ba tawa ba ce, sabuwa ce daga cikin gari, ta waɗanda suka koma saye a wurinsu.

Na aika wa Yaya cewa ran Asabar zan nuna wa ƙungiya. Kada ya ce na yi masa ba-zata.

Asabar, 28 ga Yuni

Yau! Bari in zauna da kyau in rubuta wannan, don ko jikokina sai sun ji.

Sun so a yi zaman a ofishinsu. Na ce sam, a bakin kwana za a yi, inda aka ce tayata ta yi laifi. Suka zo kamar fari, babura har bakin kwalbati, Tsawa a gaba da hannu a rataye. Na sa atamfata mai kyau. In za a kore ni, a kore ni ina fes.

Na ce a kawo tayar Tsawa, ita kanta wadda ta kayar da shi. Mai faci ya yanka a gabansu. Na ce a kawo ta cikin garin ma, wadda suke yabo. Aka yanka. Ciyaman yana ta duba agogo, wai Mama ba wasan yara muka zo kallo ba. Na miƙa masa robar na ce to babba ya ja da kansa, kada a ce na yi siddabaru.

Aka kwara ruwa a kwalta. Ya ja, ya ja, robar ta miƙe har jijiyar wuyansa ta fito, da ƙyar bulon ya gusa. Tayata ke nan. Ta cikin garin ma haka, har tawa ta ɗan fi ta taurin kai, kowa ya gani.

Aka koma kan siminti aka kwara ruwa. Ya gyara tsayuwa, ya tattaro ƙarfin nan irin na ɗazu ya fizga. Bulon ya taho a guje, takalminsa ya tafi gaba, sai ga Ciyaman zaune daɓas a cikin ruwa, ƙafafu sama. Sai wurin ya fashe da dariya. Wani har kwanciya ya yi a kan babur ɗinsa. Na ce, “Ciyaman, takalmin nan a wurina ka saya?”

Ya tashi wando sharkaf, kuma in ba shi haƙƙinsa, a nan take ya ce an janye hanin. Tsawa ya zo ya durƙusa da hannu ɗaya, “Mama ki yafe mini, zafin ciwo ne.” Na ce na yafe, amma ka dawo mini da mayafina.

Suka ɗaga mai faci sama kamar ya ci ƙwallo. Ni dai na tsaya na riƙe ƙugu ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda muka haɗa ido sai ya sunkuyar da kai. Daɗi har cikin ƙashina.

Na hango Yaya can baya, jikin sandar wuta. Da na sake dubawa ba ya nan.

Lahadi, 29 ga Yuni

Layi har waje. Waɗanda ko gaisuwata ba sa amsawa makon jiya, yau Mama kaza, Mama kaza. Na bar su a tsaye na ci abincina a nutse tukuna.

Laraba, 2 ga Yuli

An jera tsofaffin tayoyi da jan ƙyalle kafin kwanar don a riƙa rage gudu. Sun sa wa wurin suna, wai Falon Magini. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce a cire takalmi za a shiga falo. Ranar farko na yi dariya. Yau da wani ya faɗa a cikin shagona na ce ya fita, ba na son surutu.

Su ne fa da rani suke kawo baƙi su nuna musu aikin.

Yaya bai biyo ba tun ranar.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ina buɗe shago na ji ƙarar diga. Yaya ne, shi kaɗai, ya tare rabin hanya da duwatsu yana fasa simintinsa. Ba wanda ya sa shi. Aikin ƙarfi gare shi, diga sai tsalle take tana dawowa, shi ya san abin da ya zuba a ciki. Na gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Na ajiye masa ruwan sanyi a gefe, har rana ta dafa shi bai taɓa ba.

Da azahar 'yan babur suka ji kunya suka karɓi guduma. Ciyaman ya ce siminti a wuyan ƙungiya.

Talata, 8 ga Yuli

Sama ta yi mana kara, aka zuba sabon kankare a rabin farko. Ina leƙe ta tsakanin tayoyi kamar ba kallo nake ba. Ya baje, ya daidaita da katako, ya ɗan karkatar da shi wajen kwata. Sai na ga hannunsa ya tafi ga cokalin shafe da kansa. Ya ɗauka, ya tsaya, ya mayar cikin buhu.

Ya tako har ƙofar shago. Ban da amsa gaisuwa, maganarsa ta farko gare ni ke nan tun ranar da na je gidansa: “Auta, ara mini burushin nan naki mai tauri, na wanke ƙasa.”

Na ba shi. Ya tsaya a kan ɗanyen kankaren nan mai kyau da burushi a hannu, ya daɗe, kamar wanda aka ce ya mari ɗansa. Sannan ya ja. Daga tsakiyar hanya zuwa kwata, layi bayan layi, a gicciye. Yana yi yana yi wa mai faci bayani da ƙarfi yadda zan ji, wai tsagin zai kwashe ruwa ya kai kwata, taya kuma ta samu abin cizo.

Amma Yaya Yaya ne. Sai da ya ɗaura igiya don kada layi ɗaya ya karkace. Ƙarce hanya ma sai an yi shi da tsari.

Alhamis, 17 ga Yuli

Rabi na biyu. Ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna yana gadi kamar mai jego, ko keke bai yarda ya hau ba. Burushina ya mutu, ba zan tambaya ba.

Asabar, 26 ga Yuli

An buɗe hanya gaba ɗaya shekaranjiya, yau kuma aka yi ruwan da ya fi na farkon damina. Kowa ya fake a rumfuna ana kallon kwana. Babur na farko ya zo a tsorace, ƙafafu a ƙasa. Ya wuce. Na biyu da buhuna a baya, ya taka birki a tsakiyar kwanar, babur ya tsaya cak kamar an riƙe shi. Wata motar kaya ta sha kwanar ko gezau. Ruwan kuwa kana ganinsa yana bin tsagin yana gangarawa kwata.

Har aka ɗauke ba wanda ya faɗi. Ko ɗaya! Na fito tsakiyar hanya na yi guɗa, mai faci yana buga bokiti. Tayoyina ne a ƙarƙashin rabin baburan nan, kuma sun kama ƙasa kamar an liƙa su. Wa ya ce robar bokiti?

Lahadi, 27 ga Yuli

Ciyaman ya tara mutane a ƙofar shagona, wai a rufe magana yadda ya kamata. Shi ya ba ni haƙuri, Tsawa ya ba ni, saura mutum ɗaya, wanda aikinsa ya jawo aka ɓata mini suna. Har aikawa ya yi aka kira Yaya.

Ya zo kuwa. Ya tsaya a gaban yaran da a haife ya haife su, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Hannayen duk siminti ya farfasa su, babban yatsan ɗaure da tsumma. Ban san kansa ya yi fari haka ba. Ya ce, “Auta…”

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na hau Ciyaman da faɗa, wane ne ya ba su izinin jere mini babura a ƙofar shago, ta ina mai saye zai shigo, nan tasha ce? Na ɗauki tsumman goge taya na bi su da shi. Suka watse suna cewa yau kuma me ya taɓa Mama.

Da wurin ya yi shiru Yaya ya mayar da hularsa. Ya zauna a kan tayar babbar mota yana kallon kwanar. Can ya ce, “Har yanzu dai muni gare shi.”

Na ce, “Ƙwarai. Ban taɓa ganin mummunan aiki irinsa ba.”

Ya gyaɗa kai. Bai tafi ba sai da na rufe shago, shi ya ja mini ƙofar.

Mai faci ya tambaye ni me ya sa ban bari ya ƙarasa ba, bayan duk abin da na sha. Na ce cunkoso ne ba na so a ƙofar shago. Ya ce to.

Cunkoson ne kawai.